Ina Wa'azi, Jama'a Na Gyangyaɗi

Baba Fasto,

Ni malamin makarantar sakandare ne, ina zaune a Minanata cikin garin Sakkwato. Bara aka zaɓe ni dattijon ikilisiya a wata ƙaramar majami'a da ke sujada da Hausa. Fastonmu yana kula da wasu masu bi a ƙauye, saboda haka sau biyu a wata ni ke hawa mumbari, alhali ban taɓa shiga makarantar Baibul ba. Ran Asabar da dare nakan buɗe YouTube in saurari manyan masu wa'azi na Legas da Amurka, in rubuta abin da ya burge ni, in juya shi da Hausa, in tara ayoyi kamar goma sha biyar. Nakan yi awa guda da 'yan mintoci a tsaye.

Baba, kafin in kai rabi, mutanen bencin baya sun fara gyangyaɗi, mata suna fifita da Littafin Waƙoƙi, matasa sun duƙufa a kan waya. Da na ɗora laifin a kan zafi, don ka san rufin kwano a watan Afrilu a garin nan. Sai makon jiya wata tsohuwa 'yar Zumuntar Mata, gwauruwa mai sayar da ƙosai, ta tare ni a bakin ƙofa, ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, ka yi ƙoƙari, amma ni ban san abin da zan kai gida ba." Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Shin in je in ce wa fasto ya nemi wani, ko akwai gyara?

Naka cikin Ubangiji,
Dattijon ikilisiya, Minanata, Sakkwato

Ɗana, salamar Allah ta kasance tare da kai. Kada ka kai wa fasto maganar ajiye aiki. Tsohuwar nan ta ba ka abin da masu wa'azi da yawa kan shekara ashirin ba su samu ba, wato mai faɗa musu gaskiya cikin ƙauna. Ka je ka gode mata.

Zafin gaskiya ne. Sakkwato a watan Afrilu takan haura digiri 40, kuma jikin ɗan Adam yana da iyaka. Ka tuna a Ayyukan Manzanni sura 20, da Bulus ya ja magana har tsakar dare a Taruwasa, barci ya kwashe saurayin nan Aftikos ya faɗo daga bene. Saboda haka ka rage, minti ashirin da biyar zuwa talatin sun isa. Amma ba tsawo ne tushen ciwon ba. Mutanen nan da ke gyangyaɗi a gabanka, su ne kan zauna awa biyu a gidan makoki suna sauraron ta'aziyya, ba mai rufe ido, domin maganar ta shafe su. Kai kuwa tuwon da aka tuƙa wa wasu a wani gari kake ɗaukowa, ya kwana a hanya, ka zo ka ɗumama.

Mai wa'azin Legas ɗin nan ya san mutanensa, shi ya sa maganarsa take kama su. Kai ka duba benci naka. Akwai matar soja daga barikin Giginya wadda mijinta yake daji, wayarsa ba ta shiga. Akwai magini ɗan Zuru da mai gida ya ba shi wa'adin kuɗin haya. Akwai ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ya baro iyayensa a kudancin Kaduna, yana jin kaɗaici. Waɗannan ba sa cikin YouTube. Suna cikin unguwarku, kuma rabin shirin wa'azi a tsakar gidajensu ake yin sa, a kan tabarma, kana saurare.

Ɗaya rabin kuma da nassi ne, nassi guda, ba goma sha biyar ba. Ka zaɓe shi tun ran Litinin. Kowace asuba ka karanta shi da ƙarfi da Hausa, ka karanta abin da ya gabace shi da abin da ya biyo baya, ka yi addu'a a kansa, ka bar shi ya fara yi maka wa'azi kai kanka. Bari in nuna maka. A ce ka ɗauki 1 Sarakuna sura 17, labarin gwauruwar Zarefat da Annabi Iliya ya tarar tana tsintar itace lokacin fari, ba abin da ya rage mata sai ɗan gari da ɗan mai. Ran Talata ka tsaya wurin kaskon tsohuwarka, ka ji nawa take sayen kwanon wake yanzu, ka ga yadda take karkata galan don ta tatso sauran mai. In ka hau mumbari ran Lahadi, ba sai ka nemo misali daga Amurka ba. Kana cewa "ɗan man da ya rage a gindin galan", duk macen da ke wurin za ta ɗago kai. Sai dai ka kiyaye abu biyu: kada ka ambaci sunanta ko ka tona asirin kowa a gaban jama'a, kuma kada ka murɗe labarin ya zama "kawo na ƙarshenka a baiko, gobe ka yi arziki". Wannan cin amanar talaka ne, kuma yana ƙona mini rai duk inda na ji shi. Labarin yana nuna Allah mai ganin gwauruwa, mai ciyar da ita rana bayan rana har fari ya wuce.

Ka ga jimlar nan ta ƙarshe? Irinta tsohuwar take nema ta kai gida. Kafin ran Alhamis ka iya faɗin saƙonka cikin numfashi ɗaya. In bai yiwu ba, bai nuna ba tukuna. Duk wani labari ko aya da ba ta yi wa wannan jimla hidima, komai daɗinta, ka ajiye ta sai wata Lahadi.

Sai maganar harshe. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, bayan mutane irin su Likita Walter Miller na Zariya sun sha wahalar shekaru tare da Hausawan da suka yi aiki da su, domin Maganar Allah ta shiga kunnen mutum da harshen da yake ciniki da shi. Kada ka mayar da ita Turanci sanye da rigar Hausa. Ka yi tunanin da Hausa tun farko, Hausa mai sauƙi, don a cikin jama'arka akwai waɗanda ba da ita suka tashi ba. In kana son taimako, ka nemi sharhin nan na Africa Bible Commentary da malaman Afirka saba'in suka rubuta, ya fito a 2006, an kuma fassara shi da Hausa. Ka buɗe shi bayan ka gama kokawa da nassin, ba kafin nan ba. Kuma ka tuna lasifika tana tsallake katanga. Maƙwabtanku Musulmi suna ji, to su ji bisharar salama daga bakinka, kada su ji habaici.

Ran Juma'a da dare ka yi wa mai ɗakinka wa'azin a tsakar gida, da agogo a hannunta. Inda ta ce ba ta gane ba, ka gyara. Takarda guda ta ishe ka hawa da ita, don idonka ya samu kallon mutane. Bayan Lahadi kuma, ran Laraba da safe, ka bi ta wurin tsohuwar ka sayi ƙosai, ka tambaye ta abin da ta kai gida. Ka rubuto mini abin da ta ce, ina jira.