DAGA RAMIN DARA ZUWA FUSKAR KWAMFUTA

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta shiga jami'a kan na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta. Ina da wani yaya, ɗan baffana a Kabo, wanda ranar jarrabawar ita ce ranar farko da ya taɓa ɗora hannu a kan wannan na'ura. Karatu dai ya san shi, amma kafin hannunsa ya bar rawa lokaci ya yi nisa, sai da ya sake shekara. Tun daga ranar na ƙudura a raina cewa ƙannena ba za su ga kwamfuta su firgita ba. Saboda haka da aka ba mu hutu na bar Gwarzo na koma gida, na ari kwamfutar kawuna, na tara yara biyar a zaurenmu. Hanyar da na bi da su ita nake so in bayyana a nan, ko Allah ya sa wani ya amfana.

Abin da na fara gaya musu shi ne, kwamfuta ba ta da wayo ko na anini. Baiwa ce mai tsananin biyayya da sauri, amma ba ta da hankalin kanta. In ka aiki ƙanenka kasuwa ya sayo gishiri ya tarar babu a shagon farko, ya san ya leƙa na biyu. Ita kuwa in ba ka faɗa mata ba, a nan za ta tsaya har Mahadi ya bayyana. Aikin mai tsara mata umarni shi ne ya jera mata magana dalla-dalla, kada ya bar komai a rufe. Wannan ilimi na jera matakai ba baƙo ba ne gare mu, domin kalmar da Turawa suke kiransa da ita, algoridim, daga sunan Muhammad ɗan Musa al-Khwarizmi ta samo asali, malamin lissafin nan da ya zauna Bagadaza a ƙarni na 9.

Ranar farko ban ko buɗe kwamfutar ba. Ƙofar gida muka fita, muka haƙa ramukan dara guda 30, jeri 5 kowanne da rami 6. Na ce wa ƙanena, "Ka ɗauka ni baƙo ne, ban taɓa ganin dara ba. Koya mini." Ya ce kowa yana da 'ya'ya 12, ana zubawa, sa'an nan a yi ta turawa. Sai na ɗauki ɗa guda na tsallake rami huɗu da shi. Ya yi tsalle ya ce, "Haba Yaya, ai rami ɗaya ake matsawa!" Na ce ai ba ka faɗa ba. Na sake turawa a karkace, ya ce ba a yin haka. Na ce wannan ma ba ka faɗa ba. Kafin la'asar sun rubuta dokokin dara cikin littafi ɗaya bayan ɗaya, har da cewa in ka jera uku a layi sai ka cinye ɗa ɗaya na abokin wasa. Na ce musu, to, yau kun rubuta shirinku na farko, ni ne kwamfutar.

Cikin dokokin nan na dara akwai ginshiƙai huɗu waɗanda kowane shiri na kwamfuta yake tsaye a kansu. Na farko jeri, watau abu kaza kafin abu kaza, kamar yadda ake zuba 'ya'ya kafin a fara turawa. Na biyu maimaici, ka tura in tura, ka tura in tura, har wasa ya ƙare. Na uku sharaɗi, in an jera uku, to, a ci. Na huɗu ma'aji, inda ake riƙe lissafin abin da yake sauyawa, kamar yawan 'ya'yan da suka rage wa kowa. Duk wanda ya riƙe waɗannan huɗu ya riƙe kan igiya.

Kashegari muka buɗe wata manhaja mai suna Scratch. Masana a jami'ar MIT ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Mitchel Resnick, su suka fito da ita a shekarar 2007 musamman domin yara. Kafin ita akwai Logo, wadda Seymour Papert da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a 1967, inda yaro yake ba wani ɗan kunkuru umarni ya yi tafiya yana zane. Scratch kyauta ce, kuma in an sauke ta sau ɗaya tana aiki ba tare da intanet ba. Ba a rubuta dogayen kalmomi a cikinta. Kowane umarni tubali ne mai launi, sai ka jawo shi ka ɗora a ƙarƙashin ɗan'uwansa kamar magini yana jera tubala. Tubalan motsi shuɗaye ne, na lissafi kuwa koraye.

Filin wasan faɗinsa taki 480 ne, tsayinsa 360. Tsakiyarsa sifiri. Daga nan zuwa dama lambar x tana hawa har 240, zuwa hagu tana sauka har -240. Lambar y kuwa 180 ce a can sama, -180 a ƙasa. Wannan shi ne layin kwance da layin tsaye ɗin nan da muke zanawa a darasin lissafi muna ƙorafin ba mu ga amfaninsu ba. Ga amfaninsu nan.

Da yake lokacin mangwaro ne, sai yaran suka zaɓi mu yi wasan tarar mangwaro da kwando. Ƙanwata ta zana kwandon, muka ajiye shi ƙasa, muka ba shi umarni biyu kawai: in an danna maɓallin kibiyar dama ya ƙara 10 a kan x, in an danna na hagu ya rage 10. Sa'an nan muka buɗe ma'aji biyu, ɗaya muka sa masa suna Maki, ɗaya Rai. Ga umarnin da muka ba mangwaron, na juya shi da Hausa:

1. In an danna koriyar tuta, mai da Maki sifiri, mai da Rai 3.
2. Tafi sama inda y take 170, ka zaɓi x da ka, tsakanin -220 da 220.
3. Yi ta maimaita abin da ke biye, kada ka tsaya.
4. Rage 5 daga y.
5. In ka taɓa kwando, ƙara 1 a Maki, sa'an nan ka koma sama kamar yadda aka ce a lamba 2.
6. In y ta gaza -170, rage 1 daga Rai, sa'an nan ka koma sama.
7. In Rai ya zama sifiri, tsai da komai.

Ku duba da kyau, ginshiƙan nan huɗu duk suna ciki. Akwai kuma lissafi. Daga 170 zuwa -170 taki 340 ne. In ana rage 5 kowane zagaye, zagaye 68 ke nan. Scratch kuwa tana yin irin wannan zagaye kamar sau 30 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka mangwaron yana faɗowa cikin daƙiƙa 2 da 'yan kai. Na tambaye su me zai faru in an mai da 5 ta zama 10. Ƙaramin cikinsu, wanda ko jadawalin sau bai gama haddacewa ba, ya ce zai faɗo cikin rabin lokacin. Muka gwada, haka kuwa aka yi.

Amma fa kada ku zaci haka muka tsara shi tun farko. A gwajinmu na fari na manta da rabin umarni na 5, ban ce mangwaro ya koma sama ba. Ƙanwata ta tari mangwaro guda ɗaya tak, sai ga Maki ya haura goma. Ta yi ta murna tana cewa ta fi kowa iyawa. Sauran suka ce kwamfutar kawu ta lalace. Ni kaina na yi shiru, kunya ta kama ni, don ban gane ba nan take. Sai muka koma dabararmu ta ƙofar gida. Yaro ɗaya ya zama mangwaro yana tahowa taki-taki, ƙanwata ta riƙe faifai, wani yana karanta umarni da ƙarfi, wani yana ajiye tsakuwa duk sa'ad da aka ce a ƙara maki. Da mangwaro ya iso faifai aka ajiye tsakuwa. Aka sake zagayowa, har yanzu yana taɓa faifan, aka sake ajiye wata. A karo na uku ƙanwata ta ce, "Yaya, ai ba a ce masa ya tafi ba!" Ita da kuskuren ya yi wa daɗi, ita ta kama shi.

A ganina wannan rana ta fi sauran duka amfani. A aji in ka yi kuskure jan biro ne sakamakonka, shi ya sa da yawa daga cikinmu muke tsoron ɗaga hannu. A nan kuwa kuskure yakan fito fili kowa ya gan shi, a yi dariya, a bi sawunsa har a gano inda ya ɓuya. Kwamfutar ba ta lalace ba, abin da muka ce shi ta yi. Yaron da ya gane haka ya bar tsoronta, don ya san laifin yana cikin maganarsa, maganarsa kuwa yana iya gyara ta.

Ga shawarata ga duk wanda zai gwada. Kada ka karɓe na'urar daga hannun yaro don ka nuna masa, ka sa hannuwanka a baya ka yi ta tambaya. A fara da wasa ƙarami wanda za a gama a zama ɗaya ko biyu, domin da sannu ake hawa rimi. In kwamfuta ɗaya ce, kowa ya rubuta umarninsa a takarda tukuna, a gwada a ƙasa, sa'an nan a hau na'ura bi da bi. Mu da muke kai ta shagon caji kafin mu sami zaman awa biyu, wannan dabara ita ta cece mu. Kuma kada a bar mata a baya.

Wani yana iya cewa wasa ai ɓata lokaci ne. Gaskiya ne in danna wasan wani kawai kake yi dare da rana. Amma wanda ya gina nasa ya yi lissafi, ya yi zane, ya koyi tsara magana. Kafin hutu ya ƙare yaran sun ƙara wata akuya mai satar mangwaro, ba da taimakona ba. Yanzu kuma suna gardamar yadda za a koya wa kwamfuta dara, abin da ni ma har yau nake ta juya shi a raina. Ina roƙon duk wanda zai tafi hutu, ko Getso ko Garo ko wani ƙauye, ya tara ƙannensa ya fara, ko da a kan rairayi ne. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.