Azumi da Ciwon Gaɓɓai: Inda Matsalar Take

Da Sha'aban ya raba tsakiya, tambayar da ta fi yawa a ɗakin da nake duba marasa lafiya ita ce: "Likita, da wannan sanyin ƙashin zan iya azumi?" Galibi nakan ce e, amma da sharaɗi.

Mai amosanin gaɓɓai, wanda yatsunsa ke kumbura su sandare da asuba har riƙe buta ya gagare shi, ba kasafai azumi ke tsananta masa ciwon ba. Wani bincike a Tunisiya ma ya nuna kumburin ya lafa wa wasu bayan Ramadan. Wasa da magani ne ke sa a kawo mana mutum ranga-ranga.

Wanda ya daɗe yana shan Prednisolone kada ya yanke shi farat ɗaya. Jiki ya saba da shi, yankewar na iya kawo jiri da amai, jini ya yi ƙasa. A mayar da shi lokacin sahur. Methotrexate kuwa sau ɗaya ne a mako, a tsayar masa da rana, a sha bayan buɗa-baki.

Waɗanda suka fi tayar mini da hankali su ne Diclofenac, Ibuprofen da Feldene, musamman haɗin da ake ƙullowa a leda daga kemis. Mutum ya yini sama da awa 13 ba ruwa, a Maiduguri, garin da zafin bazara ke haura digiri 40, sannan ya watsa su cikin da ba abinci. Gyambon ciki ke nan, ƙoda kuma ta jigata, alhali ciwon ƙoda ya riga ya addabi Borno da Yobe.

Masu ciwon gawut, wanda ke kama babban yatsan ƙafa cikin dare har mayafi ba ya taɓuwa, ku kiyayi ƙishirwa. Ku rage kayan ciki, tsire da lemon kwalba, ku riƙa shan ruwa kaɗan-kaɗan daga magariba zuwa sahur.

Dokar ɗaya ce ga azumin Litinin da Alhamis da Sitta Shawwal. Kafin a ga watan Ramadan, ku je wurin likitanku ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, a auna ƙoda, a gyara lokutan magani. Idan ciwon ya tashi, addini ya yi wa marar lafiya rangwame. Ku tuntuɓi malami kan ramuwa ko ciyarwa. Allah Ya ba mu lafiya, Ya karɓi ibadunmu.