Harry Turtledove, Mutumin da Ya Mai da "Da A Ce" Sana'a

Da wuya shekara ta wuce ba a sami ɗalibin da zai ɗaga hannu a ajin tarihi ya ce, "Malam, to da a ce waɗancan ne suka ci yaƙin fa?" ba. Sau da yawa mukan ce masa ba a yin wannan tambaya a jarrabawa, ya koma ya zauna. Amma tambayar ba ta wauta ba ce. Akwai wani mutum a Amurka da ya yi shekara fiye da 40 yana cin abinci da ita, har ya rubuta littattafan da ba za a iya ɗaukarsu a hannu biyu ba. Shi ne muka ga ya kamata mu gabatar muku a bana.

Sunansa Harry Turtledove. An haife shi ran 14 ga Yuni, 1949, a birnin Los Angeles na jihar Kalifoniya, cikin gidan Yahudawa waɗanda kakanninsu suka yi ƙaura daga Romaniya. Yana yaro ya tsinci wani littafi a shagon tsofaffin littattafai, mai suna Lest Darkness Fall na L. Sprague de Camp, labarin wani mutumin zamaninmu da ya farka ya ga kansa a birnin Rum na shekara ta 535. Daga nan son tarihin Rum ya shiga ransa. Duk da haka kimiyya ya fara nufa, ya sami shiga babbar makarantar Caltech, amma a ƙarshen shekarar farko bai ci jarrabawa ba, aka sallame shi. Sai ya koma Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles ya kama tarihi, bai tsaya ba sai da ya sami digirin digirgir a 1977. Bincikensa a kan sarakuna biyu ne na daular Rum ta Gabas, mai hedkwata a Kustantiniya, wato Justin na Biyu da Tiberius na Biyu, waɗanda suka yi mulki daga 565 zuwa 582, da kuma rigimarsu da Farisa.

Littattafansa biyu na farko, Wereblood da Werenight, sun fito a 1979, amma ba da sunansa ba. Ma'anar Turtledove a Turanci ita ce kurciya, editan kuwa ya ce babu mai yarda wannan sunan mutum ne na gaske, sai aka maƙala masa Eric G. Iverson. Da rana yana aikin rubuce-rubucen ofis a hukumar ilmi ta yankin Los Angeles, da dare yana rubuta labarai. A 1982 ya fassara wani ɓangare na tarihin da wani malamin Rum mai suna Theophanes ya rubuta, daga Helenanci zuwa Turanci. Bai bar aikin albashi ba sai 1991.

Yawancin rubutunsa iri biyu ne. Na farko labarin sihiri ne, inda ake ƙaga wata duniya dabam mai bokaye da dodanni. A 1987 ya fitar da littattafai huɗu na Videssos, waɗanda a cikinsu wata rundunar sojan Rum ta zamanin Julius Kaisar ta faɗa wata duniya ta hanyar takubba biyu masu asiri. Wanda ya san tarihi zai gane nan da nan cewa daular Videssos ba wata ba ce, Rum ta Gabas ce aka sake wa riga. Haka ya yi da Yaƙin Duniya na Biyu a jerin littattafai shida da suka fara da Into the Darkness a 1999, inda dodanni masu fuka-fuki suka tsaya a matsayin jiragen sama.

Na biyu shi ne wanda muka kira tarihin da-a-ce, kuma da shi ya yi suna. Ka'idarsa mai sauƙi ce wurin faɗa. Marubuci ya ɗauki tarihi na gaskiya, ya canza abu ɗaya tak, sa'an nan ya bi abin da zai biyo baya ba tare da ha'inci ba. Bari mu duba misali ɗaya da kyau.

Daga 1861 zuwa 1865 Amurka ta yi yaƙin basasa. Jihohi 11 na Kudu suka ɓalle, babban dalilinsu kuwa shi ne riƙe bayi baƙar fata, waɗanda yawansu ya kusa miliyan 4. A watan Satumba na 1862 Janar Robert Lee na Kudu ya kutsa da sojansa cikin jihar Maryland, ya rarraba su kashi-kashi, ya rubuta tsarin a wata takardar umarni mai lamba 191. Kwafi ɗaya ya faɗi a fili kusa da garin Frederick. Ran 13 ga wata wani kofur na sojan Arewa ya tsince ta, an naɗe kara uku na taba da ita. Kwana huɗu bayan haka aka gwabza a Antietam, mutum wajen 23,000 suka mutu ko suka ji rauni ko suka ɓace a yini ɗaya, Lee ya ja da baya. Wannan ne ya ba Shugaba Abraham Lincoln damar da yake jira, ran 22 ga Satumba ya yi shelar cewa daga 1 ga Janairu, 1863, bayin da ke jihohin tawaye 'yantattu ne. Duk wannan ya faru, yana cikin littattafan tarihi.

A littafinsa How Few Remain na 1997, Turtledove ya canza abu guda: wani sojan Kudu ya ga takardar ta faɗi, ya mayar wa mai ita. Shi ke nan. Lee ya ci nasara, Ingila da Faransa suka amince da Kudu a matsayin ƙasa, ba a yi shelar 'yanci ba. Labarin ya buɗe a 1881, Lincoln yana da rai, tsoho ne da ya faɗi zaɓe yana yawon wa'azin haƙƙin ma'aikata. Daga wannan littafi aka sami wasu goma, na ƙarshe ya fito a 2007. A cikinsu Arewa ta haɗa kai da Jamus a yaƙin 1914, Kudu ta sha kashi, sai wani sajen igwa mai ɗacin rai, Jake Featherston, ya tashi yana ɗora laifin a kan baƙar fata. Jama'a suka zaɓe shi da ƙuri'unsu, ya gina sansanonin kisa. Hitler ke nan a ƙasar Amurka. Kada mu manta Bayahude ne ya rubuta wannan. Abin da yake nuna wa 'yan ƙasarsa shi ne, abin da Jamusawa suka yi ba a jininsu yake ba, mutanen kowace ƙasa suna iya yinsa idan kaye da yunwa da ƙiyayya suka haɗu, aka kuma sami mai baki.

Littafin da ya fara kai sunansa ko'ina kuwa shi ne The Guns of the South, na 1992. Asalinsa wasa ne. Wata abokiyar rubutunsa, Judith Tarr, ta rubuto masa tana kukan cewa zanen da aka yi a bangon littafinta bai dace da zamanin labarin ba, kamar a zana Janar Lee riƙe da bindigar zamani. Shi kuwa sai ya tambayi kansa, wa zai ba Lee irin wannan bindiga, don me? Amsar da ya samu ita ce 'yan wariyar launin fata na Afirka ta Kudu. A labarin, sun sato na'urar komawa baya cikin lokaci, suka iso sansanin Lee a farkon 1864 da AK-47 mai cin harsashi 30, alhali sojan wancan zamani bindigar ɗuri suke riƙewa, wadda gwani ke harbawa sau uku a minti. Ku lura da shekarar da littafin ya fito: an saki Nelson Mandela a 1990, ba a yi zaɓen gama-gari ba sai 1994, ba wanda ya san yadda za ta kaya.

A nan muna da ja da shi. Bayan Kudu ta ci yaƙin, Lee na cikin littafin ya karanta littattafan da baƙin suka zo da su, ya ga yadda jikoki za su la'anci bauta, sai ya juya ya nemi a 'yanta bayi sannu a hankali. Labarin ya yi daɗi, amma Lee na gaskiya ya shekara huɗu yana jagorantar soja don ƙasar da ta rubuta bauta cikin tsarin mulkinta, kuma sojansa sun kama baƙar fata 'yantattu a Pennsylvania a 1863 suka kora su Kudu. A ganinmu marubucin ya yi masa sassauci fiye da kima. Jerin da ya fara a 1997 ya fi ɗaci, mun kuma fi gaskata shi.

Ba duka ne masu nauyi haka ba. A jerin Worldwar, wanda ya fara a 1994, wasu halittu masu kama da ƙadangaru sun sauko daga sararin sama a 1942, ana tsakiyar yaƙi. Shekara 800 kafin nan sun aiko da na'urar leƙen asiri ta ɗauko musu hoton mahayin doki da sulke da mashi. Da yake su al'amuransu ba sa canzawa sai bayan dubban shekaru, suka zo da shirin yaƙar mahaya, suka tarar da tankoki da jirage. Abin dariyar shi ne, citta ce ta fi karya su, domin da sun lasa sai ta bugar da su, su kasa rabuwa da ita. A Ruled Britannia na 2002 kuma, jiragen ruwan Sifen na 1588 sun ci Ingila, aka sa William Shakespeare ya rubuta wasan kwaikwayo a ɓoye don tayar da jama'a. 'Yan ajin adabi za su fi jin daɗin wannan. Shi da How Few Remain duk sun ci lambar Sidewise, wadda ake bayarwa don irin wannan rubutu, ya kuma ci lambar Hugo a 1994 da labarin Down in the Bottomlands.

Yana da aibunsa. Yakan tara mutane fiye da goma yana tsalle daga wannan zuwa wancan, kuma yakan maimaita abu har ya gundure ka. Idan ya faɗa maka fatar wani soja ba ta jure rana, to shirya ji a kowane babi. Wani lokaci kuma, bayan ya canza tarihi, sai ya bar shi ya koma kan tsohuwar hanyarsa da sababbin sunaye kawai, alhali alkawarin da ya yi mana shi ne sabuwar hanya. Wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba tukuna, ya fara da Gunpowder Empire na 2003, domin matasa aka rubuta shi.

Ga aikin da muke ba ku na hutu. Kowa ya buɗe littafin tarihinsa ya zaɓi aukuwa ɗaya, ya nemo ranar da al'amarin zai iya juyawa, ya canza abu guda kaɗai, ya rubuta shafi biyu a kan abin da zai biyo baya. Za ku ga ba za ku iya ko layi biyar ba sai kun san wane ne ke wurin, me yake da shi, me yake tsoro. Ku kawo mana a makon farko na zango mai zuwa. Amma a takardar jarrabawa kada wanda ya rubuta mana cewa Kudu ta ci yaƙi: Lee ya miƙa wuya ga Janar Grant a Appomattox ran 9 ga Afrilu, 1865.