Darasin Lafiya: Ciwon Sikila Da Shanyewar Ɓarin Jiki Ga Yara

Mutane da yawa sun ɗauka shanyewar ɓarin jiki ciwon tsofaffi ne masu hawan jini. Amma yana kama yara ƙanana ma, musamman masu ciwon sikila, wato amosanin jini. Likitoci sun gano cewa ana iya hango wannan ciwo tun kafin ya zo, kuma ana iya tare shi. Wani babban sashe na wannan bincike a Kano da Kaduna aka yi shi.

Zuciya da jini

Zuciya kamar injin ban-ruwa take. Tana tura jini cikin jijiyoyi zuwa ko'ina a jiki, dare da rana. Jini shi ke kai iska mai kyau da abinci ga ƙwaƙwalwa. Idan jini ya daina isa wani ɓangare na ƙwaƙwalwa, ɓangaren yakan fara mutuwa cikin mintoci kaɗan. Daga nan hannu ko ƙafa ko baki sai su daina aiki. Wannan shi ne shanyewar ɓarin jiki.

Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya kewayayyu ne masu taushi. Sukan yi kamar kwana 120 suna aiki. Na mai sikila kuwa sukan lanƙwashe kamar lauje, su yi tauri, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Shi ya sa jininsa kullum a ƙarance yake, zuciyarsa kuma tana aiki fiye da kima don ta cike giɓin. Waɗannan ƙwayoyi masu tauri suna raunata jijiyoyin ƙwaƙwalwa daga ciki. A hankali sai jijiyar ta tsuke, wata rana ta toshe.

Girman matsalar

Sikila gadonta ake yi daga uwa da uba. Ba maita ba ce, ba kuma laifin uwa kaɗai ba ne. Idan miji da mata duka suna da jini AS, kowane ciki da aka samu yana da haɗarin 1 cikin 4 na zuwa da SS. An ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da sikila kowace shekara a Nijeriya. Babu ƙasar da ta kai wannan yawa a duniya.

Wani bincike da aka buga a Amurka a 1998 ya nuna cewa idan ba a yi rigakafi ba, kimanin 11 cikin 100 na masu SS za su sami shanyewar ɓarin jiki kafin su cika shekara 20. Wanda ya taɓa samu kuma, idan ba a kula da shi ba, yawanci ciwon yakan sake dawowa.

Na'urar da ke hango ciwon

Manomin rani ya san cewa idan ya danne bakin tiyo da ɗan yatsa, ruwa yakan fita da ƙarfi. Haka jini yake. Idan jijiya ta tsuke, gudun jini a wurin yakan ƙaru. Akwai na'urar da ke auna wannan gudu. Ana kiran gwajin TCD. Ana ɗora wani ɗan ƙaramin abu a gefen kan yaro, kusa da kunne. Babu allura, babu yanka, babu zafi. Idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa ɗaya ko ya wuce, yaron yana cikin babban haɗari, ko da yana wasansa lafiya lau.

Wani likitan Amurka, Robert Adams, da abokan aikinsa sun yi bincike kan yara 130 masu irin wannan gudun jini. An raba su gida biyu. Gida ɗaya ana yi musu ƙarin jini kusan kowane wata, ɗayan kuma ana ba su kulawar da aka saba. A gidan da ba a ƙara wa jini ba, yara 11 suka kamu. A gidan ƙarin jini, yaro 1 kawai. An buga sakamakon a 1998.

Binciken Kano da Kaduna

Ƙarin jini kowane wata abu ne mai wuya ga talaka. Jini yana da tsada, ba kullum ake samunsa ba, asibiti kuma yana da nisa da ƙauye. Don haka likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suka haɗa kai da likitocin Jami'ar Vanderbilt ta Amurka don neman hanya mai sauƙi. Cikinsu akwai Najibah Galadanci, da Shehu Abdullahi, da Michael DeBaun. Suka gwada wani maganin sha mai suna haidiroksiyuriya. Aikinsa shi ne ƙara irin jinin da jariri yake da shi tun yana ciki, wanda ba ya lanƙwashewa kamar lauje.

Daga 2016 zuwa 2018 aka ɗauki yara 220, 'yan shekara 5 zuwa 12, dukansu masu gudun jini mai haɗari. Yara 109 aka ba su ƙaramin awo, wato miligiram 10 kan kowane kilo na nauyinsu a rana. Yara 111 aka ba su miligiram 20. Ƙuri'a ce ta raba su, don kada son rai ya shiga. An bi lafiyarsu fiye da shekara 2.

A 2022 aka buga sakamakon. Yara 3 ne suka kamu a gidan ƙaramin awo, 5 a ɗaya gidan. Wato 1 zuwa 2 cikin 100 a shekara. A binciken Amurka kuwa, yaran da ba a yi wa rigakafi ba, kimanin 10 cikin 100 ne ke kamuwa a shekara. Awo biyun ba su bambanta ba wajen hana shanyewar jiki, amma masu shan miligiram 20 sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti.

Haƙƙin iyaye a wajen bincike

Wasu iyaye suna tsoron bincike, kuma suna da dalili. Jama'a ba su manta da gwajin maganin Trovan ba, wanda aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996. An yi ta shari'a a kansa har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009. Ƙa'ida ita ce, dole kwamiti ya duba kowane bincike kafin a fara. Dole a yi wa iyaye bayani da harshen da suke ji, amfani da haɗari duka. Suna da ikon su ce a'a. Suna da ikon su janye ɗansu ko yaushe, ba tare da an daina duba shi ba.

Abin da ya kamata iyaye su yi

1. A yi gwajin jini kafin aure, a kuma gwada jarirai da wuri.
2. Yaro mai SS a nemi a yi masa gwajin TCD sau ɗaya kowace shekara, daga shekara 2 zuwa 16. A tambayi ma'aikacin lafiya asibitin da ake yinsa.
3. Idan likita ya rubuta haidiroksiyuriya, a ba yaro kullum, kada a tsallake. Ba ya raba mutum da sikila, kariya yake bayarwa.
4. Kada a sayi maganin a kemis ba da izinin likita ba. Da nauyin yaro ake auna shi, kuma sai ana duba jininsa a kai a kai.
5. A riƙa ba yaro ruwa sosai, a sa shi a gidan sauro, a kai shi asibiti da zarar ya yi zazzaɓi.

Alamomin gaggawa

Idan bakin yaro ya karkace, ko hannu ko ƙafa ɗaya ta saki, ko maganarsa ta sarƙe, ko ya yi jijjiga, ko ya yi kukan ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, a kai shi babban asibiti nan take. Kada a ce iska ce ta taɓa shi a tsaya hayaƙi da turare. Kada a jira gari ya waye. Ƙarin jini da wuri shi ne taimakon da yake bukata. Ko da alamar ta wuce cikin ɗan lokaci, a kai shi, domin gargaɗi ce.

Akwai kuma wanda ke zuwa a ɓoye. Jiki ba ya shanyewa, amma yaron da yake gane karatu sai ya fara mantuwa, ya koma baya a makaranta. Kada a doke shi a ce wasa ya sa a gaba. A faɗa wa likita. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ya sa gudun jini yake ƙaruwa a jijiyar da ta tsuke?
2. Daga shekara nawa zuwa nawa ake yi wa yaro gwajin TCD?
3. Yara nawa aka ɗauka a binciken Kano da Kaduna?
4. A rubuta alamomi uku da za su sa a garzaya da yaro asibiti.