Kifin Teku a Ƙasar Kazaure: Nasiha ga Samari

'Ya'yana na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, na lura wasunku sun soma sha'awar ajiye kifin ado a akwatin gilashi. Kuna gani a waya ana nuna wani ɗan kifi mai launin ja da shunayya da ruwan goro, wanda masana suka sanya wa danginsa suna Cirrhilabrus, 'yan kasuwa kuma suna ce masa feri ras. Sha'awar halittar Allah ba laifi ba ce. Amma kafin ku buɗe aljihu, ku saurari dattijo.

Wannan kifi ɗan teku ne. Gidansa duwatsun murjani na Tekun Indiya da na Fasifik. Har yanzu ana gano sababbin irinsa: an bayyana wani daga gaɓar Zanzibar a 2019, wani kuma daga tsibiran Maldibs a 2022. Tsawonsa bai cika wuce tafin hannu ba. Cikin ikon Allah, a mace yake fara rayuwa, daga baya wasu su rikiɗe su zama maza, kuma mazan ne suka fi ado. Da dare yakan shiga kogon dutse, ya lulluɓe jikinsa da yauƙi, ya yi barci.

To, me yake nema a hannun mai shi? Ruwansa sai da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, kuma ba gishirin miya ba, wani haɗi ne na musamman da ake shigowa da shi daga waje. Ɗumin ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27, dare da rana. Ku tuna da zafin Afrilu a nan, lokacin da ake haura digiri 40, ku tuna da sanyin hunturu a Janairu. Ke nan sai na'urar sanyaya ruwa da ta ɗumama shi, ga famfon da ke juya ruwa yana ba shi iska. Idan wuta ta ɗauke aka kwana babu sola ko janareta, gari zai iya wayewa kifi ya mutu.

Bushewar iskarmu ma matsala ce. Ruwa yana ƙafewa ya bar gishiri, don haka kullum sai an cika da tataccen ruwa marar gishiri. Sabon akwati kuma ba a saka masa kifi sai ya yi makonni, ƙwayoyin da ke cinye dattin kifi sun zauna. Sannan wannan kifi gwanin tsalle ne: da ya firgita sai ya faɗo ƙasa, shi ya sa murfi ya zama dole. Abincinsa ƙananan halittun ruwa ne, kaɗan-kaɗan, sau biyu ko uku a yini.

Ban lissafa waɗannan don in karya muku gwiwa ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne, duk ran da ka tsare a gidanka amana ce. Malamai sun karantar da mu hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Kifi ba ya kuka, don haka wahalarsa ba ta isa kunnen kowa sai wanda ya sa ido. Da muguwar rawa, gwamma ƙin tashi.

Idan sha'awar ta gaskiya ce, ku fara daga ruwan da kuka sani. Ku je dam ɗin Kazaure ku zauna da masunta, ku tambaye su halin karfasa da tarwaɗa. Ku ziyarci masu kiwon tarwaɗa a tanki, ku koyi canjin ruwa da awon abinci da gane kifi marar lafiya. Wannan ilimi ne mai kawo kuɗi ma. Wanda ya raini kifin ruwan daɗi shekara guda bai yi asara ba, ya kuma tanadi wuta tsayayya da hanyar samun gishiri da abinci, shi ne zai iya tunanin na teku.

'Ya'yana, kada ku sayi ran da ba za ku iya riƙewa ba. Allah Ya yi muku albarka.