Abin da Ke Cinye Kuloci da Giya a Motoci Masu Ƙarfin Inji

Gabatarwa

Duk inda samari suka zauna hirar mota, tambayar farko ita ce: doki nawa ne ƙarfin injinta? Ba kasafai ake tambayar lafiyar ƙarafan da ke kai wannan ƙarfi ga taya ba, alhali kuwa a mota mai giyar hannu su ne suka fi shan wahala. A wannan muƙala zan bi waɗannan ƙarafa ɗaya bayan ɗaya, domin in nuna cewa fizga ta fi gudu saurin kashe su, kuma duk wanda ya ƙarfafa sashe ɗaya kaɗai, ya tura ɓarnar ne zuwa na gaba.

Hanyar da Ƙarfi Ke Bi

A motar da ke ja da tayoyin baya, inji yana juya wani faifan ƙarfe mai nauyi da kanikawa ke kira filawil. Kuloci ne ke manne wa faifan nan ya karɓi juyin ya miƙa wa giya. Daga giya sai farfela, wato doguwar sandar da ke ƙarƙashin mota, sannan dif, wanda ke raba juyin ga shaf biyu masu shiga tayoyi.

Abin da ke wahalar da su shi ne ƙarfin murɗa, wanda ake aunawa da niyuton-mita. Bari mu ɗauki misalin Toyota Supra ta ƙasar Japan, samfurin da aka ƙera daga 1993 zuwa 2002. Mai turbo da aka sayar a Amurka tana ba da ƙarfin murɗa 427. Giyarta ta ɗaya tana ninka wannan sau 3.827, dif kuma ya sake ninkawa sau 3.133. Idan muka yi lissafi, abin da ke isa ga shaf biyu na baya zai iya haura 5,000, kusan ninki 12 ke nan. Wannan ne ya sa shaf da dif suka fi karyewa a wajen tashi da giya ɗaya, lokacin da motar ba ta ma fara gudu ba.

Yadda Kowane Sashe Ke Mutuwa

Kuloci an yi shi ne domin ya cinye, kamar takalmin birki. Zamewar da yake yi kafin ya kama ita ce ke tausasa tashin mota, amma kowace zamewa zafi ne. Direban da ke ɗora ƙafa a kansa yana tafiya, ko yake riƙe mota da shi a kan hawa cikin cunkoson Legas ko Ibadan, gasa shi yake yi. Alamarsa ita ce a taka totur a giya huɗu ko biyar, inji ya yi kuka, mota ba ta ƙara sauri ba, wani lokaci har da ƙauri.

A cikin giya kuwa akwai zobba, galibi na tagulla, masu daidaita saurin haƙora kafin su shiga juna. Cusa giya da ƙarfi kafin kuloci ya gama saki yana goge su, sai a fara jin "ƙurrr", musamman wajen shiga giya biyu. Idan aka ɗaga inji sama aka saki kuloci lokaci guda, haƙori na iya ɓallewa, gutsurensa kuma ya bi mai ya lalata boris da sauran haƙora.

Farfela tana da gaɓoɓi da ake kira kuros. Idan suka bushe, za a ji "kwas" wajen tashi da kuma karkarwa idan an miƙe hanya. Wannan ba abin wasa ba ne, domin farfelar da ta tsinke ana cikin gudu tana iya caka ƙasa ta jefar da mota. Dif yakan sanar da ciwonsa da wani irin gunji mai sauyawa idan an taka totur ko an ɗaga ƙafa. Shi kuwa shaf, da zarar robar da ta rufe gaɓarsa ta yage, giris ya zube, yashi ya shiga, to kwanansa ya kusa ƙarewa.

Gyaran da Ke Jawo Ɓarna

Idan aka ƙara wa inji ƙarfi, kuloci ne ke fara zamewa. Sai mai mota ya sa wanda ya fi cizo, ya ɗauka an gama. A ganina nan ne asarar take farawa, domin zamewar nan ce take kare giya, kamar yadda fis ke ƙonewa ya ceci kayan lantarki. An ga haka a Supra marar turbo mai giya biyar samfurin W58: waɗanda suka ɗora mata turbo sun sha fasa giyar, alhali mai turbo ta asali ta zo da giya shida ta kamfanin Getrag na Jamus, wadda ta shahara da juriya.

Taya ma haka take. Tayar da ta zame ta rage wa ƙarafa nauyi. Subaru Impreza WRX tana ja da tayoyi huɗu, ba ta cika zamewa ba, saboda haka fizgar takan ƙare a cikin giyarta mai biyar, wadda aka san ta da zubar da haƙori a hannun masu tashin ganganci. A shekarar 2000 kamfanin ya sa wa samfurin STI giya shida mai ƙwari.

Shawarwari

Na farko, a tashi mota a hankali, sai kuloci ya gama kamawa sannan a ba ta wuta. Na biyu, a tsayar da mota da birki idan an tsaya, a cire giya, a ɗauke ƙafa daga kuloci. Na uku, a zuba man da littafin motar ya ambata. Dif yakan buƙaci mai lambar GL-5, amma giyoyi da yawa GL-4 suke so, domin sinadaran wasu nau'o'in GL-5 ba sa shiri da zobban tagulla. Na huɗu, idan an sauke giya domin canza kuloci, a duba filawil da boris ɗin sakin kuloci a lokaci guda, kada a biya kuɗin aiki sau biyu. Na biyar, mai sayen tokumbo irin wannan ya gwada kowace giya da sanyin safiya, ya kuma sa bakanike ya duba toshiyar man giya ko akwai ɓarɓashin ƙarfe a jikinta.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mun ga cewa ƙarfin mota bai wuce ƙarfin sashenta mafi rauni ba, kuma yawancin ɓarnar ƙafar direba ce ke jawo ta. Duk wanda zai ƙara wa inji ƙarfi, to ya lissafa kuɗin kuloci da giya da dif da shaf gaba ɗaya tun kafin ya fara. Wanda kuma ya bar motarsa yadda ta zo, ya tuna da karin maganar Hausawa cewa sannu ba ta hana zuwa.