Darasin wannan wata: Abin da za a yi nan take bayan hatsarin babbar mota

'Yan'uwa mazauna Minawawo: Damina ta wuce, rani ya shigo, kuma a wannan lokaci ne manyan motoci suke cika hanyar da ta taso daga Ngawundere ta ratsa Garwa da Marwa har zuwa Kuseri, ɗauke da auduga da albasa da siminti da mai. Da yawa daga cikinmu suna fita neman aikin gona ko dako, wasu har Garwa, kuma saboda tsadar kuɗin mota sukan hau saman kaya. Mu da muke fassara a ofishin kare haƙƙin 'yan gudun hijira mun lura da abu guda: wanda ya ji rauni yakan tsere daga wurin hatsari don tsoron jandarma, sai ya rasa magani a kan lokaci, ya kuma rasa takardar da za ta tsaya masa gobe. Darasin nan kashi biyu ne. Na farko ceton rai, na biyu tsare haƙƙi.

KASHI NA FARKO: CETON RAI

1. A kauce wa hatsari na biyu

Babbar mota ba ta tsayawa nan take, musamman da dare ko a gangare. Idan kana iya tafiya, ka sauka daga kan kwalta, ka yi nesa da kayan da ke iya ƙara zubowa. Wanda ke da lafiya ya kashe injin, ya jera rassan itace a kan hanya ta gaba da ta baya, da tazara mai yawa, don masu zuwa su rage gudu.

Idan kun ji warin fetur ko gas, kada wanda ya kunna taba ko ashana, kuma kada wanda ya matso da galan. A watan Oktoba na 2024 tankar mai ta kife a Majiya, cikin jihar Jigawa, jama'a suka taru kwasar mai, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka rasu. Yawancinsu ba a cikin motar suke ba.

2. A kira taimako

A Kamaru lambar jandarma 113 ce, ta 'yan sanda 117, ta 'yan kwana-kwana 118. Ka faɗi sunan ƙauyen da ya fi kusa, da yawan waɗanda suka ji rauni, da ko akwai wanda mota ta danne ko wuta. Idan ba ka jin Faransanci ko Fulatanci, miƙa wa wani wayar. Idan babu sabis, a tsayar da motar farko da ta zo, a aike ta shingen jami'an tsaro mafi kusa.

3. A tsayar da jini

Zubar jini mai yawa tana kashe mutum cikin 'yan mintoci, don haka ita ake fara dubawa. A naɗe kyalle mai tsabta, ko ɗankwali ko rawani, a ɗora a kan raunin, a danna da ƙarfi ba sassautawa. Idan ya jiƙe a ƙara wani a kansa, kada a ɗaga na farko don a leƙa. Idan ƙarfe ko gilashi ya nutse a jiki, a bar shi a wurinsa, a danna gefensa. Idan hannu ko ƙafa ce take tsartuwa da jini kuma dannawa ta gaza, a ɗaure sama da raunin da kyalle mai faɗi, a murɗa da sanda har jinin ya tsaya, a riƙe lokacin da aka ɗaure don a gaya wa likita. Likita ne zai kwance shi.

Kada a zuba ƙasa, toka, baƙin mai, fetur ko ruwan batir a kan rauni. Suna ƙona nama, ƙasa kuma tana kawo ciwon tetanus, wato sandarewar jiki. Ƙuna kuwa ruwa mai sanyi ake kwarara mata na kimanin minti 20.

4. A kula da wuya da baya

Wanda ya faɗo daga saman kaya yana iya karya ƙashin wuya ko na baya bai sani ba. Idan yana kukan wuya, ko ya ce ƙafafunsa sun mutu, kada a zaunar da shi, kada a ja shi ta hannu. Mutum ɗaya ya riƙe kansa da hannu biyu yadda ba zai juya ba. Idan dole ne a ɗauke shi, a samo ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum uku ko huɗu su ɗaga shi lokaci ɗaya, kai da gangar jiki a miƙe. Irin wannan mutum ba a ɗora shi a babur.

Wanda ya suma amma yana numfashi, a juya shi kan gefensa a hankali, ana tallafe da kansa, don kada amai ya shaƙe shi. Wanda mota ta danne, kada a fizgo shi da ƙarfi, sai dai idan wuta ta taso. A tsayar masa da jini, a ci gaba da yi masa magana har taimako ya iso.

5. Ba ruwa, ba abinci

Mun san al'adarmu ce a ba wanda ya wahala ruwa, kuma zai roƙa. A jiƙa masa leɓe kawai. Wataƙila za a yi masa tiyata, kuma ciki mai ruwa ko abinci yana da hatsari idan aka sa masa maganin barci. A lulluɓe shi da zane ko da ana zafi.

6. A je asibiti ran nan

Firgici yana ɓoye ciwo. Mutum zai tashi ya karkaɗe rigarsa ya ce lafiyarsa ƙalau, alhali jini yana zuba a cikinsa ko a kansa. Alamomin su ne: gumi mai sanyi, ƙishirwa mai tsanani, jiri, ciwon ciki, amai, yawan barci, ruɗewar magana, ko jini ko ruwa daga kunne ko hanci. Suna iya bayyana bayan awoyi ko washegari. Mai juna biyu da ƙaramin yaro dole a duba su ko babu ƙwarzane.

A nufi asibitin da ya fi kusa, su za su tura mutum gaba idan abin ya fi ƙarfinsu: akwai asibitin Mokolo, da manyan asibitocin Marwa da Garwa. Ba mu raina maɗori ba, amma karayar da ƙashi ya huda fata ta asibiti ce, domin ɗaure ta a gida yana ruɓar da ƙafa har a kai ga yankewa.

KASHI NA BIYU: TSARE HAƘƘI

7. Kada a gudu

Dokar Kamaru ta 27 ga Yuli 2005 kan 'yan gudun hijira ta ba mu damar kai ƙara gaban kotu. Wanda mota ta raunata ba mai laifi ba ne. Ka nuna katinka na ɗan gudun hijira, ka ba da sunanka kamar yadda yake a katin, ka tabbatar jandarma sun sa shi cikin rahoton hatsarin, wanda a nan ake kira pe-ve. Wanda babu sunansa a rahoton zai sha wuya kafin ya tabbatar da cewa yana wurin.

8. Abubuwan da za a tattara

Ko kai ko wani ɗan'uwa, a rubuta ko a ɗauki hoto da waya: lambar motar, ta gaba da ta tirela domin sukan bambanta, sunan kamfanin da ke jikin ƙofa, takardar inshora, wato asirans, wuri da rana da lokaci, sunayen shaidu biyu da lambobin wayarsu, da sunan ofishin jandarman da ya zo. A asibiti a nemi takardar shaidar likita mai bayyana raunin da kwanakin da mutum zai yi bai yi aiki ba. A adana kowane rasit da takardar magani da hoton ƙashi a leda guda.

9. Kada a dangwala yatsa a kan abin da ba a fahimta ba

Wani lokaci mai mota ko wakilinsa zai zo bakin gadon asibiti da 'yan kuɗi da takarda da Faransanci. Karɓar taimakon magani ba laifi ba ne. Amma takardar tana iya cewa ka yafe komai, alhali ba ka san ko ƙafar za ta warke ba. Doka ta wajabta wa kowace mota inshora domin biyan waɗanda ta raunata. Ka ce masa da ladabi: "Alhaji, na gode, amma sai an karanta mini ita da Hausa." Fassara a ofishinmu kyauta ce.

10. A sanar da mu da wuri

A aiko ɗan'uwa ko shugaban unguwa zuwa ofishin kariya, ko da hatsarin a Garwa ya faru. Idan an yi rasuwa, a nemi takardar shaidar mutuwa, domin da ita magada za su nemi haƙƙinsu.

TAMBAYOYIN BITA

Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa, sannan a amsa tare: Me ake yi idan kyallen farko ya jiƙe da jini? Wane majinyaci ne ba a ɗorawa a babur? Lambar mota nawa ake rubutawa idan tirela ce? Me za ka ce wa wanda ya kawo maka takarda a asibiti?

Allah Ya tsare mu a kan hanya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.